Yadda na haɗo kayan inbata 2,000 a shekarar da cif ya yi ɓatan dabo

Duk sanda na je gida hutun sallah aka tambaye ni wai ni takamaimai wane aiki nake yi a Legas, in nace ni ne mai sayo wa kamfani kayan aiki, sai kaga an washe baki ana cewa kai ai ka huta, kuɗin wasu kake kashewa kana shan esi. Wani ƙanin babanmu ma cewa yayi to ashe dai dillali ne kai amma mai albashi. Ban musa masa ba dan akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai shi dillalin shanu a abbatuwar Agege in ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa, ni kuwa ranar da ciniki ya faɗa ranar barci yake ƙaurace min. Bari in baku labarin oda ɗaya tak, tun daga ranar da takarda ta sauka a teburina har kaya suka hau inji.

Ma'aikatarmu ƙarama ce, tana nan Ikeja ta wajen Oba Akran, inbata muke haɗawa da na'urar cajin batirin sola. Ni a Agege nake zaune, kuma kafin wannan aikin na yi shekara huɗu a shagon kawuna a Computer Village ina sayar da kayan gyaran waya, a nan na koyi karanta ƙananan lambobin nan da ake rubutawa a bayan ƙananan kayan lantarki irin su ayisi da taransista, waɗanda in baka sa gilashi ba sai ka rantse datti ne. Takardar poli ita tasa aka kira ni intabiyu, amma wallahi zaman shagon nan shi nake ci har yau.

Wajen tsakiyar Oktoban 2021 oga ya tara mu a ofis yace an samu oda ta inbata 2,000, mai kayan yana so su shiga kasuwa kafin zafi ya kankama, wato wajen Maris. Injiniyanmu, wani yaro ɗan Zariya mai kai kaman me, ya turo min jerin kayan da ake ce wa BOM. Shi wannan jeri kaman lissafin cefane ne da uwargida take miƙo maka, sai dai layi 140 da ɗoriya ne, kowane layi da lambar kaya, da sunan kamfanin da ya ƙera, da guda nawa inbata ɗaya take ci, da gurbin da zai zauna a jikin fanel, wato allon da ake dasa kayan lantarkin a kai. Kuma in an rubuta daddawa baka isa ka kawo magi kace ai duk miya ce ba. Harafi ɗaya in ya canza a ƙarshen lamba wani kaya ne daban, ko ƙafafunsa su ƙi zama a fanel ko ya kasa jure zafi ya ƙone a gidan mutane.

Aikin farko lissafi ne tsura. Ka ninka kowane layi sau 2,000, ka cire abin da ke sito, ka ƙara ɗan abin da inji zai zubar, dan injin da yake ɗauko ƙananan kayan nan yana dasawa a fanel ba ya rasa ɓarna musamman lokacin da ake saita shi. Sannan ka tuna ba a sayar maka da ƙwaya ƙwaya, rejista, 'yar abar nan mai rage ƙarfin wuta, mai girman 0603 a ril take zuwa, wani faifai kaman na sinimar da, guda 5,000 a ciki, to ko 5,200 kake buƙata ril biyu zaka saya. Kwamfuta ta nuna min abin da ke sito, amma ni tuni na daina yarda da kwamfuta a wannan fannin, na sauka ƙasa wajen Baba mai sito. Dattijo ne ɗan Zangon Agege, ya girmi babana, shi kaɗai yake kira na ɗana a duk ma'aikatar. Nace Baba a ƙirga min kafasitocin nan, yace ɗana ai na faɗa musu tun bara cewa ril uku an ɗauka an yi gwaji da su ba a rubuta ba. Kwamfuta tace 12, kanta tace 9. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Daga nan na raba jerin kashi uku a raina, kayan gida, kayan Chaina da kowa ke da su, sai kuma wasu layuka biyar da na ja musu jan biro dan nasan su ne za su sa ni hawan jini.

Kayan gida ba su da wani dogon labari. Gidan inbata na ƙarfe wani mai lanƙwasa ƙarfe a Matori yake mana, kwali daga Ilupeju, waya kuma ta Najeriya muke saye dan gaskiya wayar wuta tamu ta gida tana da kyau, ba fahariya ba. Taransifoma a nan ake naɗa mana, to shi ne ɗan abin da ya ja, saboda a shekarar tagulla ta yi tsadar da har ta haura dala 10,000 tan ɗaya a kasuwar duniya a watan Mayu, mai naɗin ya ba ni farashi yace na kwana uku ne kawai, in na wuce sai dai a sake lale. Dokar kamfani ita ce sai ka kawo kwateshan uku kafin a sa hannu a takardar oda. A nan ne kuma ake gwada imanin mutum, wannan ya ja ka gefe yace oga nawa zan ɗora maka a kai, wancan ya aiko yaro da ambulan wai na goro, ga 'yan uwa a unguwa bayan sallar isha'i, ɗan uwa ka sa mu a layi mana ko kwali ne mu kawo. Ni dai abin da kawu ya faɗa min ranar da zan fara aiki shi na riƙe, yace kowa ya ci ladan kuturu dole yayi masa aski, ranar da mutumin da ka ci kuɗinsa ya kawo ruɓaɓɓen kaya bakinka ba zai buɗu ba.

Su kuma 'yan Chaina matsalar farko agogo ne. Suna gaba da mu da awa 7, lokacin da suke buɗe ofis ƙarfe 9 na safe a Shenzhen mu ƙarfe 2 na dare ne, in na bari sai na isa ofis na sha shayi to su sun kusa tashi. Sai ya zama ina idar da sallar asuba nake buɗe WeChat, manhajar hira ta 'yan Chaina, a kan dardumar, matata har tana min tsiya wai azkar ɗina ya koma Turancin 'yan Chaina. Na tura wa kamfanoni shida jerin, na ce kowa ya ba ni farashi da ranar da zai iya haɗa kaya da mafi ƙarancin abin da yake sayarwa. Wani abu da sabon shiga yake faɗawa, kaga farashin wani ya fi na kowa sauƙi ka yi ta murna, ashe shi EXW ya rubuta, wato a ƙofar ma'aikatarsa zai ajiye maka kaya, mota zuwa tasha da takardun fitarwa duk kai ne. Wani FOB, shi zai kai har cikin jirgi. Wani CFR, har kuɗin jirgi zuwa Legas a ciki. In baka mayar da su duka ma'auni ɗaya ba to kana gwada mudu da tiya ne. Kuma a 2021 kuɗin jirgin ruwa ba abin wasa ba ne, kwantena ta yi wuya, a watan Maris jirgin nan Ever Given ya toshe mashigin Suez, tsakiyar shekara kuma korona ta tsayar da tashar Yantian, komai ya cakuɗe.

To mu zo kan jan biro. Ƙwaƙwalwar inbatarmu wani cif ne mai suna STM32F103C8T6, ɗan mitsitsi bai kai farcen ɗan yatsa ba, ƙafa 48. Kafin korona bai kai dala 2 ba kuma duk inda ka tambaya akwai. A wannan shekarar kuwa duniya gaba ɗaya ta shiga ƙarancin cif, har manyan kamfanonin mota suna rufe layi, to ina ga mu 'yan Ikeja. Na duba manyan dilolin da kamfanin ya amince musu, babu ko ɗaya a kanta, in ka ce a sa ka a layi a ce maka sati 52. Na ɗauka kuskuren rubutu ne na sake tambaya, aka ce eh shekara guda cur. Ni kuma wata biyar gare ni.

A nan na yi abin da har yau in na tuna sai na ji kunya. Wani dillali da na samu ta hannun wani, yana harka a kasuwar Huaqiangbei, wato babbar kasuwar kayan lantarki ta Shenzhen kaman Alaba tamu ta Legas, yace yana da su sababbi dal a leda, farashin ya ninka na da sau da yawa amma kuma ya fi na sauran dillalai sauƙi sosai. Wannan sauƙin shi ya kamata ya farkar da ni, araha ba ta ado, amma oga yana hura min wuta kullum da safe, ni kuma ina so in nuna na iya. Nace ya turo samfur guda 20. Suka iso ta jirgin sama cikin kwana goma, Injiniya ya dasa, ya zuba musu furogiram, duk 20 suka tashi lafiya lau. Na je wajen oga ina taƙama. Allah Ya taimake ni ban ce a turo 2,000 gaba ɗaya ba, madam akawu ce ta taka min burki tace a fara da 500, lokacin har na ji haushinta.

Ranar da 500 ɗin suka iso ina ofis Injiniya ya leƙo yace yallaɓai ɗan zo ka gani, kuma shi ba ya ce min yallaɓai sai in akwai magana. Ya jera guda goma a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na farko dai lambar kwanan wata, su cif ana buga musu lambar da take nuna shekara da satin da aka yi su, kaya in daga buhu ɗaya suka fito ya kamata lambar ta zo ɗaya ko kusa, waɗannan kuwa rubutun duk iri ɗaya ne sak amma ɗan ramin da ke kusurwa wani mai zurfi wani shafaffe, alamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ya ɗauko auduga ya tsoma a asiton, ruwan nan da mata ke goge jan farce, ya murza bayan ɗaya. Audugar ta yi baƙi ƙirin, rubutun ya bi ta. Cif na gaske da hasken leza ake ƙona rubutunsa, ba ya gogewa. Ƙafafun kuma in ka duba da kyau an sake musu wankan dalma, wato daga tsofaffin fanel aka ciro su aka kankare aka shafa baƙin fenti aka buga sabon suna. Wasu sun karɓi furogiram, wasu ko gaisawa da kwamfuta sun ƙi yi. Waɗanda suka karɓa ɗin ma su suka fi ba ni tsoro, dan su ne za su wuce gwaji su je su mutu a gidan mutum bayan wata uku da sunan kamfaninmu a goshi.

Na kira dillalin, ranar farko ya ɗauka yace injiniyanmu ne bai iya ba, rana ta biyu yace in dawo da kaya ya duba, rana ta uku na ga ya toshe ni. Na shiga ofishin oga na faɗa masa da bakina kafin ya ji a wani waje. Bai yi ihu ba, kuma da yayi ihun da ya fi min sauƙi, cewa kawai yayi samfur ɗin daga ina ya fito, kayan daga ina suka fito, ka tambaya? Ban tambaya ba. Tun daga ranar duk wanda ba dila mai izini ba ne sai ya turo min hoton lakabin kwalin da lambar rukunin kaya, sai wani ɗakin gwaji a can Shenzhen ya duba ainihin kayan da za a turo ba samfur ba, sannan kuɗi su fita.

Injiniya ne ya fitar da mu. Yace akwai wani cif na kamfanin GigaDevice na Chaina, GD32F103, ƙafafunsa sun yi daidai da na wancan ba sai an canza fanel ba, har ma ya fi shi gudu, 108 a kan 72 a ma'aunin megahaz, amma ba wai ka cire wannan ka dasa wannan shi kenan ba, sai ya taɓa furogiram ɗin ta wajen lokutan da agogon cif ɗin yake tashi da yadda yake rubutu a ma'ajiyarsa, sannan a yi gwaji na sati biyu da lodi a kai. Shi ma ɗin ya yi tsada dan kowa can ya ruga, amma akwai shi a hannun dila na gaske. Wannan ya koya min wani abu game da aikina, ni ba ni da ikon canza ko rejista ɗaya a jerin nan sai Injiniya ya sa hannu, amma ni ya kamata tun ranar farko in je in zauna kusa da shi ince waɗannan biyar ɗin ba za su samu ba, me zai iya maye gurbinsu. Da na yi haka a Oktoba da ban kai Disamba ina zufa ba. Haka muka yi da mosfet, wani irin taransista, mai lamba IRF3205 da kowane mai haɗa inbata a ƙasar nan ya sani, shi ma jabunsa ya fi na gasken yawa a kasuwa, sai muka amince da wasu guda biyu da za su iya zama madadinsa tun kafin a shiga uku.

Sai maganar takardu, wadda ita ce rabin aikin amma ba wanda yake ganinta. A Najeriya kafin kayanka su hau jirgi sai ka buɗe Fom M, wato takardar shigo da kaya, ta bankinka. Zaka haɗa takardar farashi ta farko da mai kaya ya turo, wadda ake ce wa furofoma, da inshorar kaya wadda dole kamfanin inshora na Najeriya ne zai yi ta, shi yasa muke saye a CFR ba CIF mai haɗe da inshora ba, da takardar hukumar SON ta ingancin kaya, da lambar harajin kamfani, a ɗora duka a shafin intanet na kasuwanci, banki ya duba ya tura wa kwastan su yi rajista. Kowane kaya kuma da lambarsa ta kwastan da ake ce wa HS, ayisi 8542, kafasita 8532, rejista 8533, taransista da dayod 8541, fanel ɗin da ba a dasa wa komai ba 8534, kuma da wannan lambar ake yanka maka kuɗin fito, saboda haka ba wajen kintace ba ne. Ni na haddace su kaman lambar wayar gidanmu.

Dala kuma nata labarin daban. A ƙarshen Yulin 2021 babban banki ya daina sayar wa 'yan canji dala, zuwa ƙarshen shekara farashin gwamnati yana ɗari huɗu da 'yan kai, a kasuwa kuwa ta haura 550. In ka bi layin banki zaka samu da sauƙi amma yaushe, Allah masani, mai kaya kuma ba zai kunna inji ba sai ya ga kafin alƙalami, kashi 30 yanzu, kashi 70 kafin kaya su bar hannunsa. Oga ya yanke cewa wani ɓangare a jira banki, na gaggawa kuma a buɗe fom ɗin da kamfani zai nemo dalarsa da kansa. Ni dai ko ba komai ina da 'yan uwa 'yan canji a titin Allen, in na kira nace Alhaji yau nawa, ba ya ɓoye min. Wata safiya ma imel ya shigo da sunan kamfanin da yake mana fanel wai sun canza asusun banki a tura can, tambarinsu da sa hannunsu komai daidai, sai da na ƙura ido na ga harafi ɗaya ya ƙaru a adireshin. Na kira yarinyar da nake magana da ita a bidiyo tace ba su canza komai ba. Ni dai wanda maciji ya sara ne, ko tsumma na gani sai na daka tsalle.

Duk wannan gudun da nake yi saboda rana ɗaya ce, sabuwar shekarar Chaina, wadda a 2022 ta faɗo 1 ga Fabrairu. Kar ka ga kalanda ta ce hutun sati ɗaya, ma'aikata tun sati biyu kafin nan suke fara watsewa ƙauyukansu kaman yadda Agege take yin fayau in babbar sallah ta matso, kuma ba sa dawowa gaba ɗaya sai wata ya yi nisa. In kayanka ba su hau jirgi a tsakiyar Janairu ba to ka manta sai Maris. Na tara kayan kamfanoni huɗu a sito ɗaya a Shenzhen aka cika kwantena mai ƙafa 20, ta tashi saura kwana kaɗan a rufe. Ranar na yi barci kaman gawa.

Ashe na bar baya da ƙura. Tun a Disamba Injiniya ya ce a ƙara fanka ƙarama a kowace inbata, ni kuma na rubuta wa mai kaya a WeChat da asuba nace ya ƙara fanka 2,000, ya ƙara, na biya, na manta ban koma banki an gyara Fom M ba. Jirgi yana kan ruwa takardun asali suka iso, takardar jirgi da inbois da jerin abin da ke kowane kwali, na kai banki dan a nemo mana PAAR, wato takardar kimar kaya da kwastan suke fitarwa wadda in babu ita ba a fara maganar fito. Yarinyar bankin ta kira ni tace malam akwai layi ɗaya a inbois da babu shi a fom. Gaskiyarta. Laifin ba na kowa ba ne nawa ne, kuma gyaran ya ci kwanaki, jirgi ya iso tashar Tin Can a farkon Maris kwantena ta sauka ta zauna, kwanakin alfarma suka ƙare, kamfanin jirgi ya fara ƙirga demorej, wato tarar jinkirin kwantena, masu tasha su ma suna ƙirga kuɗin ajiya, kowace safiya madam akawu ta turo min adadin ba tare da ta ce uffan ba.

Ejan ɗinmu na fito wani Alhaji ne Bakano da ya fi shekara ashirin a Apapa, mutum mai sanyin magana. Na same shi a ofishinsa ina ta huci yace malam zauna ka sha ruwa, tashar nan ba a yi mata gaggawa, wanda ya zo da zafi da zafi yake komawa. Shi ya bi sauran, ya shigar da bayanin kaya, aka fitar da abin da za mu biya, kuɗin fito da harajin VAT kashi 7.5 da sauran ƙananan da ake ɗorawa, muka biya a banki, aka sa ranar buɗe kwantena. Na je da kaina dan kayanmu ba shinkafa ba ne, in aka farke ledar cif a tsakar rana a bakin teku an gama da shi. Na tsaya ina roƙo ranka ya daɗe a buɗe kwalin amma dan Allah a bar ledar azurfar nan, na nuna musu lakabin da ke jiki, suka fahimta. Motar da za ta ɗauko ma sai da ta jira layinta a manhajar Eto da aka kawo a 2021 dan rage cunkoson manyan motoci a Apapa. Daga Tin Can zuwa Ikeja tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma sai da kwantena ta kwana a hanya.

Cif ɗin GD32 kuwa ba sa cikin kwantenar, su ta sama aka tsara za su zo, rukuni biyu. Na farko ya iso, na biyu yana shirin tashi aka rufe Shenzhen gaba ɗaya na sati guda a tsakiyar Maris saboda korona. Wannan kam ba laifina, na tura wa oga labarin ba tare da na ƙara ko kalma ba. Sun sauka a ma'ajiyar kaya ta filin jirgin Murtala ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi.

Karɓar kaya a sito ni da Baba muka yi, kwali kwali, yana karanto lamba ina duba takardar oda. Wani abu da mutane ba su sani ba, cif yana shan danshi kaman gishiri, kuma Legas ai danshi a gidansa yake. Shi yasa yake zuwa a leda mai kauri da aka zuƙe wa iska, da ɗan ƙunshin garin da ke tsotse laima, da wani kati mai ɗigo ɗigo shuɗaye, in ɗigon ya koma ruwan hoda to danshi ya shiga. Irin waɗanda aka rubuta wa MSL 3 in ka buɗe ledar awa 168 gare ka, sati ɗaya ke nan, ka dasa su, in ba haka ba ranar da suka shiga tandar narka dalma ruwan da suka sha zai zama tururi ya fasa su daga ciki kaman gugguru. Leda ɗaya mun same ta da ɗan huji, katin ya canza kala, Injiniya yace a gasa su a digiri 125 kafin a yi aiki da su. Baba ya kalle mu yace ikon Allah, yau kuma ƙarfe ake toyawa da azumi.

Layi ya tashi a satin farko na Afrilu, mun makara da wajen wata guda, mai oda ya yi faɗa ya gaji ya karɓi 600 na farko kafin ƙaramar sallah, sauran a bayanta. A rana ta huɗu da fara aiki layin ya tsaya cak, ma'aikata kusan talatin suna zaune suna kallon juna, saboda wani ɗan gidan fiyus na roba da bai kai kuɗin ruwan leda biyu ba, mai kaya ya turo ƙasa da abin da ya rubuta a kwali mu kuma mun ƙirga kwali bamu ƙirga ciki ba. Na bar motar kamfani a goslo na bi ta kan ƙafa da danfo har Alaba, bakina a bushe, na zaga layi uku kafin na samu irinsa sak a wajen wani Inyamuri, na ɗauki hoto na tura wa Injiniya yace shi ne, na saye duk abin da ke shagon ko tayi ban yi ba. A Iyana Iba aka kira magariba, na sha ruwa da dabino biyu da wani ɗan Sakkwato mai sayar da agogo ya miƙo min.

Washegari ina shiga ofis na tarar da sabon jeri a tebur, na na'urar cajin sola, layi 90. Ban ko zauna ba Baba ya aiko yaro wai in sauko, firjin da muke ajiye man dalma ya mutu tun daren jiya, kuma shi man nan sanyi yake so, daga digiri 10 zuwa ƙasa, in ya kwana a zafi sai yadda hali ya yi. Na ɗauki biro na sauka in ga gwangwani nawa ne a ciki.